Tazarar Yatsa Huɗu

A Valdivia ruwan sama ba ya sallama.
Eliana Huenchumán ta shigo gidan renon da karyayyar laima,
littafin ƙaramar hukuma a hammata.

Ta ƙirga yara, sha tara.
Masu reno biyu,
ɗayar ma tari take.

Ta cusa hannu tsakanin ƙarafan shinge.
Yatsa huɗu doka ta ce.
Nan kan yaro zai wuce har da kunnuwa.

Wurin ninƙaya na bayan ginin.
Can ta koyi riƙe numfashi tana 'yar shida.
Yau daɓen ya tsage, ruwan ya yi gansakuka.
Ta ɗiba a kwalba, ba ta dubi inuwarta ba.

Don Baltasar mai gadi ya ce,
"Iyayensu na kamfanin kifi har dare.
In kin rufe, wa zai riƙe su?"

Biro ya tsaya.
Nahuel ya ja mata siket,
igiyar takalminsa ta kwance.

Ta durƙusa ta ɗaure.
Ta rubuta: kwana sha huɗu.
Gobe da sassafe tana ofis,
tsaye a kan mai sa hannun kuɗin walda.