Shagon Turi a Jekadafari

Shagona taku uku ne, benci ɗaya, fanka mai kuka,
a Jekadafari, bayan mai gyaran janareta.
Ina tura fim a waya, ɗari biyu zango guda,
sharhin da ake dawo mini da shi kuwa, kyauta nake sha.

Da can Indiya ake nema, sai Turkiyya, sai Koriya.
Bana sai ga sabon raɗa:
"Akwai na Tailan ɗin nan? Wanda... ka gane ai."
Na gane. Samari biyu, lema ɗaya, ruwa na zuba,
kashi goma sha biyu kafin hannu ya taɓa hannu.

Adda Dudu, mai aikin dare a asibiti,
ita ba ta raɗa. Ta dire waya a kan tebur:
"Na jiya shirme ne. Kowa ɗalibin injiniya,
ba wanda ya taɓa riƙe sifana.
Zazzaɓi ya kama mutum, a goge goshi da jiƙaƙƙen tsumma,
gari na wayewa ya miƙe garau.
Mu da muke neman jijiya da tocila fa?"
Ta ja tsaki. "Sa mini na biyun."

Malam Barau, mai koyar da lissafi a Pantami,
caji ya kawo shi, ido ya kai shi allon kwamfuta.
Ya yi a'uziyya, ya ce, "Bappah, ka ji tsoron Allah.
Guba ce aka kwaɓa da zuma.
Yau kallo, gobe sabo, jibi wa ya sani?
Yaranmu kake sayar wa."
Ban musa ba. Na juya allon ya kalli bango.
Ya fizge wayarsa, fushi ya hana shi karɓar canjin hamsin.

Sahura da Laraba, 'yan jami'a, rake ɗaya suke sha,
bakinsu bai taɓa zama ɗaya ba.
Sahura ta ce, "Ni abin da ya ja ni,
namiji na kuka bai ɓoye fuska ba,
yana cewa yi haƙuri da bakinsa, ba aike.
A gidanmu ban taɓa ji ba."
Laraba ta tofar da ɓawo: "Ke dai an ruɗe ki da fararen haƙora.
Dogon nan mai mota ya damƙe wuyan hannun ɗan'uwansa,
ya kulle ƙofa, ya bincike masa waya.
Da mace aka yi wa, da kin ce azzalumi.
Tsohuwar miya ce, kwano aka sauya.
Kuma ina matan? Kowace makira ce, ko 'yar rakiya."
Har bakin titi suna yi,
keke uku suka wuce ba su tsayar ba.

Akwai wani, ba zan faɗi sunansa ba.
Bayan isha yake zuwa, in an ɗauke wuta.
Ba ya yabo, ba ya kushe, ba ya neman ragi.
Sau ɗaya tak ya yi magana, idonsa a kan takalminsa:
"Ƙarshen ne ƙarya.
Uwa ta yi murmushi, uba ya zuba musu shayi.
Ba haka ake yi ba."
Sai ya miƙo wayar, ya ce in goge masa duka.
Na goge. Ya biya kuɗin gogewar, ko da ba a biya.

Ni ban taɓa kallon ko ɗaya har ƙarshe ba.
Idona na kan koren layin da ke rarrafe,
saba'in, tamanin, ya cika, cire waya.
Daren jiya Inna Wuro ta ce, "To kai mene ne naka?"
Na ce tuwon ya yi sanyi.

Hamsin ɗin Malam Barau na nan cikin gwangwanin madara.
Ban kashe ba.
Ban kuma kai masa ba.