Hawa na Uku, Garki

Ƙarfe huɗu saura,
Barira ta buɗe jadawalin albashi,
allo ya yi fari fat, manhajar ta fice
ko sallama babu.

Na bakwai ke nan yau.

Na sauka ɗakin saba
inda sanyi ke cizon yatsu.
Na kashe, na kunna, na sabunta.
Jiya i yau.

Sai kundin kurakurai ya fasa ƙwai:
wata firinta da aka yi gwanjonta
tun kafin a ɗauke ni aiki
manhajar ke ta cigiya.

Na goge sunanta.
"Tanimu, ya buɗe!" in ji Barira a waya.

Motar Nyanya ta tafi ta bar ni.