Tsintacciyar Mage

Bayan ruwan daren Laraba
na same ta a lambatu, bayan rumfar mai kifi a Bagalam.
Ba kuka take ba, baki kawai take buɗewa,
muryar ta riga ta ƙare.
Ido ɗaya ya manne da ƙwantsa,
ɗayan yana kallona kamar mai bin bashi.
Na cire hulata na sa ta ciki.
Hular ta fi ta nauyi.

Tsayabu mai shayi ya leƙo, ya yi dariya:
"Tsintacciyar mage ba ta mage, Ma'azu.
Gobe ka tashi, sai hula."
Na ce masa, ba ni madara ta dala goma, bar sauran ga Allah.

A wurin likitan dabbobi na bi layi
tsakanin mai bijimi da mai raguna uku,
ni da kwalin sukari a hammata.
Wani dattijo ya ce, "Kaza ce?"
Na ce, "Baƙuwa ce."
Likita ya daɗe da abin saurare a ƙirjinta,
ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.
"Wannan ba warkewa ake ba, lallaɓawa ake.
Ɗigo a ido safe da dare,
ƙwaya ka raba ta huɗu,
in sanyi ya shigo, ka dawo."
Jikka uku da rabi.
Kuɗin gyaran rediyo biyu ke nan, har da batir.

Shekara talatin ina buɗe cikin rediyo,
in sami wayar da ta tsinke, in ɗiga mata dalma,
murya ta dawo.
Wannan ƙirjin ba shi da kusa da zan kwance.
Numfashinta shuu, shuu,
kamar akwatin da ya ɓata tasha
tsakanin Yamai da Kano.

Ƙwayar nan, wayyo.
Na ɓoye ta a kifi, ta ci kifi ta bar min ƙwaya.
Na niƙa ta a fura, ta shinshina ta juya baya.
Yanzu zane nake naɗe ta da shi kamar jinjiri,
in buɗe bakin da ɗan yatsa,
hannuna duk zanen farce,
kamar na yi dambe da ƙaya.

Ga abin da ban gaya wa Tsayabu ba:
nawa maganin hawan jini
wata huɗu yana kan taga yana shan rana.
Barira ta kira daga Damagaram, "Baba, ka sha?"
in ce na sha, Allah ya yafe min.
Yanzu kwalabe biyu ne a kan faifai ɗaya.
Da asuba sai ta hau ƙirjina ta zauna,
ba don magani ba, don kifi,
amma in na ba ta nata
kunya ba ta barina in tsallake nawa.

Saura na sa mata suna,
don abin da ruwa ya bari ne.

Ba ta kama ɓera.
Jiya wani ya ratsa ta gabanta da gutsuren ƙuli-ƙuli,
ta bi shi da idonta ɗaya
har ya shige bayan tulu,
sannan ta yi atishawa sau uku.

An ce rai tara gare su.
Ban san nawa ta kashe a lambatu ba,
ban san nawa ya rage ba.
Damina biyu dai ta wuce, hula tana kaina,
mage tana kan tsohon rediyo inda ɗumi yake.

Da dare in an ɗauke wuta,
fanka ta tsaya, unguwa ta yi tsit,
nakan kasa kunne cikin duhu
ina neman tashar nan tawa.
Shuu, shuu.
To, tana nan.
Sai in juya.