Gwangwanaye Bakwai a Baranda

Shekara talatin da ɗaya ina jan bas
a kan tuddan Valparaíso,
hawa da gangara, birki da ƙaho.
Ran da na miƙa makulli na dawo gida
hannuwana suka rasa abin riƙo.
Likita ta auna jinina, ta ɗaga gira:
“Hermógenes, nemi abin da ba ya sauri,
in ba haka ba za ka riga sa'o'inka shiga ƙasa.”

Gidana ba fili.
Matakala saba'in da huɗu, sannan ƙofa,
sannan baranda mai faɗin gado ɗaya
da ke kallon teku da jiragen dakon kaya.
Na tsinto gwangwanayen fenti guda bakwai,
na huda gindinsu da ƙusa,
na hau matakalar nan sau uku ina haki,
kafaɗata ɗauke da buhun ƙasa.

Tumatir, wake, albasa, na'ana'a.
Irin latas kuwa ƙanana ne ƙwarai,
na yi atishawa, rabi ya bi iska.
Na ba su ruwa da safe. Na ba su da rana.
Da dare tausayi ya kama ni, na ƙara.
Kwana goma sha biyu tumatir ya yi rawaya,
ya sunkuyar da kai
kamar fasinjan da barci ya wuce da shi tasharsa,
ya kwanta ƙasa.

Ercilia, maƙwabciyata mai ɗinkin labule,
ta leƙo tana shanya,
ta yi dariya har sai da ta dafa igiya.
“Da ƙauna ka kashe shi, direba.
Shuka ba mota ba ce da za ka cika wa tanki.
Kafin ka zuba, tambaye ta tukuna.”
Na ce, da wane baki?
Ta ɗaga yatsa ɗaya: “Da wannan.
Cusa shi cikin ƙasa.”

Na sake shukawa.
Na koyi zama a kan kujerar roba
ba agogo, ba madubin duba baya.
Ni da na saba zagin mai jinkiri a gabana
ga ni ina jiran wake mako guda
ban danna masa ƙaho ba.
Ya fito da wuya a lanƙwashe,
ɓawonsa a kai kamar hular da ta yi masa yawa.
Dodon koɗi ya ji labari, ya zo cin dare,
na bi shi da tocila cikin rigar barci,
na ɗauke shi a hankali, na ce, nan ce tasharka,
sauka ƙasa.

Wani daren Laraba cikin Nuwamba
kofuna suka fara kaɗawa a kan kanta,
fitila ta yi lilo, karnuka suka ɗauka.
Mun saba, garinmu ne.
Kowa ya fito da abin da ya fi so:
wani jariri, wani jakar takardu.
Ni sai na tsinci kaina a bakin ƙofa
rungume da gwangwanin wake.
Na na'ana'a ya faɗo, ya gangara,
ina jin sa yana ƙirga matakala
har ta lafa, girgizar ƙasa.

Yanzu Janairu, rana ta buɗe.
Tumatir huɗu na samu, ba wanda ya kai ƙwai.
Biyu na Ercilia, ɗaya na likita,
ɗaya na yanka, na barbaɗa gishiri,
na ci a tsaye ina kallon jirage.
Latas bai yi ba. Albasa tana shawara.
Amma a tsagar matakala ta arba'in
na'ana'a ta tsiro da kanta, ba wanda ya shayar,
masu hawa suna tsinka suna sansanawa.

Jiya jikata Maite ta kama hannuna,
ta juya shi, ta duba farce:
“Kaka, da baƙin mai ne a nan.”
Na ce, e.
Yanzu ƙasa.