Mai Ruwan Sama

Ni ne na yi ruwan.
Ba hadari, ba girgije,
tiyo ne da famfo da tsani mai hawa goma sha biyu,
da ni, Cástulo, can sama ina rawar ɗari,
a tashar jirgin ƙasa ta katako da kwali
da muka kafa a bayan garin Veracruz.
Ladana feso huɗu a dare, da kofin gahawa.

In ka ga fim ɗin, kuma wa bai gani ba,
ka san wurin: Amparo Zubieta cikin farar riga,
Fermín Olarte da akwati ɗaya,
jirgi na kuka, shi zai tafi, ita ta tsaya.
Takarda ta ce ya juya baya,
takarda ta ce kada ya waiwaya.
Sau goma sha ɗaya yana waiwaya,
sau goma sha ɗaya darakta na jifa da hula yana kururuwa.

Daga sama ake ganin abin da ya ɓace wa kyamara.
Na ga yatsunsa sun lalubi bakin gyalenta
kamar yaro a cunkoson kasuwa ya kama zanen uwa.

Tsohuwa Eulalia mai kwalliya ta zo da albasa a aljihu
don a jawo hawaye.
Ta dubi Amparo sau ɗaya,
ta mayar da albasarta gida, ta yanka a miya.
Ni ko na ƙara buɗe famfo don in rufa musu asiri,
kowa ya ɗauka duk abin da ke kumatunta ruwa ne, ruwana,
ni kaɗai na san inda ya gauraya da wani ruwa.

Ranar wata Talata aka ɗaura, a ƙaramin coci,
shaidu biyu, ɗaya direba.
Jaridu suka ci kasuwa wata uku.
Shekara bakwai suka yi.
Shi da kwalba da cacar sukuwa,
ita da farantan da ba su kai safiya.
Mutane suka ce ai ba haka aka yi a majigi ba,
kamar ba su san tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Ya rasu a wani otal na Tampico, takalmi a ƙafa.
Ba ta je jana'iza ba.
Aka zage ta, ta bar zagi ya bi iska yana wucewa.

Yanzu gwiwa ta ƙi tsani, tikiti nake yagewa
a siliman da rufinsa ke yoyo.
Duk Litinin da la'asar in an maimaita tsohon fim
wata tsohuwa kan zo da baƙin tabarau da sanda,
ta zauna layin baya, kujerar da ke ƙara.
Rannan ta tsaya gabana, ta ce,
“Kai ne na kan tsani. Ruwanka ya yi sanyi a daren nan.”
Na ce na rijiya ne, ranki ya daɗe.
Ta yi dariya, haƙori biyu babu,
sannan ta ce, “Na goma sha biyu suka saka,
wanda ya tafi bai waiwaya ba.
Ina sauran goma sha ɗayan?”

Na san inda suke.
An sayar wa mai narka fim, ya tace azurfa, ya zubar da toka.
Amma bakina ya ƙi faɗa.
Na ce suna nan, a ajiye.
Ta gyaɗa kai, ta miƙo tikiti, na yaga.
A ciki jirgi ya fara kuka,
a waje sama ta haɗa nata hadarin, na gaske,
ba tsani, ba tiyo, ba kowa.