Keken Baban Lintang

A hawa na huɗu, a Surabaya,
fanka ɗaya ta mutu, ɗaya tana tari.
Aka ba mu awa arba'in da takwas
da tebur mai gurguwar ƙafa.

Mu uku ne, ba mu taɓa gina komai ba.
Tirta ya iya lissafi, bai iya hira ba.
Lintang tana zane tun tana firamare.
Ni kuwa darasi shida na kalla a waya,
na taho da su kamar mai zuwa yaƙi da cokali.

A teburin kusa da mu ana ƙera dodanni
masu aman wuta da fukafukan ƙarfe.
Lintang ta ce: mu yi keken babana.
Mai ƙafa uku, fasinja a gaba,
tsohuwa rungume da kwandon ƙwai,
ruwan sama ya cinye titi,
ka kai ta kasuwa, ko ɗaya kada ya fashe.

Daren farko keken ya ƙi motsi.
Na danna, na sake dannawa, na roƙe shi.
Ashe waƙafi guda na manta,
abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba,
shi ya tsare mu har aka kira assalatu.

Da ya tashi kuma, sai ya wuce gona da iri:
ya taɓa kududdufi, ya yi sama,
ya keta gajimaren da Lintang ta zana,
tsohuwa da kwandonta suka ɓace.
Tirta ya yi dariya har ya kifar da gahawa.
Ranar na fara jin muryarsa sosai.

Shinkafa ta huce a ganyen ayaba.
An ce sannu ba ta hana zuwa,
amma agogon bangon nan bai taɓa jin haka ba.

Saura minti tara muka miƙa shi.
Ba kiɗa, ba mataki na biyu,
ƙwai in ya fashe kukan agwagwa yake yi,
don ita kaɗai ce ƙarar da muka samu kyauta.

Alƙalai uku. Ɗaya ta yi hamma.
Ɗaya ya fasa ƙwai goma sha ɗaya, ya ce a ba shi ya sake.
Masu dodanni suka tafi da kofi.
Mu aka ba mu riguna, duk sun yi mana yawa.

A bakin ƙofa, cikin yayyafi,
Pak Wiryo na jiran 'yarsa a kan sirdi.
Ta miƙa masa waya mai tsagaggen gilashi.
Ya goge hannu a wando.
Babban yatsansa, da birki ya sa ya yi kanta,
ya rufe rabin allon.
Ya bi gefen rami, ya rage gudu kafin gada,
ya sauke tsohuwa da ƙwai talatin cif.
Ba wanda ya taɓa kai ta, har mu da muka gina.

Ya mayar da wayar, ya ce:
Ruwan nan ya yi ladabi.
Na gaske yana fizgar taya zuwa hagu.

Tirta ya zaro biro ya rubuta a tafin hannu.
Muka cusa kanmu a kujerar mutum biyu,
kowa da kwamfutarsa a ƙirji,
kamar kwandon ƙwai.