Katin Merken

Shekararsa bakwai, in ji yarinyar gidan ajiye karnuka,
ko takwas; haƙori ba ya faɗin gaskiya duka.
Ta miƙo mini igiya, da bargo mai warin taba,
da wani kati ruwan ƙwai, gefensa duk maiƙo.
Mai shi, Don Baldomero, ya rasu a watan Mayu.
'Ya'yansa suna Santiago, a bene hawa goma sha biyu,
inda ba a yarda da kare ba.

Muka kamo matakalar unguwarmu ni da shi,
Valparaiso ba ta san hanya miƙaƙƙiya ba.
Gwiwata tana kuka, shi yana waige,
kowane lungu sai ya ja ya tsaya
kamar wanda ya yi mantuwa a baya.

Kwana biyu bai taɓa kwano ba.
Ya shige ƙarƙashin tebur ya yi lamo,
ido kawai, tsuru-tsuru.
Na yi shekara talatin ina sayar da kifi a bakin teku,
na san yadda ake jan hankalin mai wucewa,
amma wannan ya fi ƙarfin cinikina.

Ran Laraba muka je wurin Likita Ximena.
Ta buɗe katin ta karkata kai:
hatimin ƙarshe ya shekara huɗu.
Daga nan sai fili fetal,
shekarun da tsohon ya daina iya sauka daga tudu.
A gefe, da rubutu mai rawa, ya bar wasiyya:
Ba ya son tsawa. Yana son ɓawon burodi.

Ta duba kunne, ta duba dasashi, ta nemi ƙuma da kaska,
ta ɗaga fatar wuyansa kamar mai ɗaga mayafi.
Allura ɗaya ta haukan kare,
ɗaya ta cututtukan da sunayensu suka fi bakina.
Ko ƙyas bai yi ba.
Ni ce na runtse ido.

Ki dawo bayan mako uku, Doña Clorinda, ta ce.
Yau zai yi kasala, kada ki tsorata.
Sauran kuma ba ni da allurarsa.
Sai haƙuri.

Ƙwayar tsutsar ciki na ɓoye ta cikin cuku.
Ya cinye cukun sarai,
ya ajiye mini ƙwayar a kan tabarma, fara tas,
ya dube ni.
Karo na farko ke nan da na yi dariya a gidan nan
tun ban san yaushe ba.

Kullum ƙarfe biyar, in jirgin ruwa ya yi kuka a tasha,
sai ya miƙe ya tsaya a bakin ƙofa,
hanci a jikin katako.
Ban taɓa hana shi ba.
Ni ma na shekara guda ina jera kofi biyu
bayan Evaristo.

Daren sha tara ƙasa ta motsa,
irin motsin da mu nan ba ma tashi dominsa.
Farantai suka yi hira a kan kanta, suka yi shiru.
Sai na ji ƙarar farce a daɓe,
ƙwas, ƙwas, ƙwas,
sannan nauyi mai ɗumi a kan ƙafata.
Ban motsa ba har asuba,
ƙafar ta mutu, na bar ta.

Da muka koma allura ta gaba
likita ta ɗauki biro za ta soke sunan tsohon.
Na ce a'a, bar shi.
Rubuta nawa a ƙasa, akwai wuri.
Ta buga sabon hatimi, shuɗi, ɗanye,
ni kuma na ƙara a gefe:
Yana gane ƙwaya ko a cikin cuku.

Har yau ƙarfe biyar yana zuwa ƙofa.
Sai dai tsayuwar ta ragu.
Ya shinshina, ya saurara kaɗan,
sannan ya juyo kicin
ya ga ko na yanka burodi.